Goro, shayi da juna biyu: daga ina lambar 200 ta fito?

Duk inda aka yi maganar mai juna biyu da kafeyin, wato sinadarin wartsakewa da ke cikin gahawa da shayi da goro, lamba ɗaya ake maimaitawa: kada ta wuce miligiram 200 a rana. Birtaniya ta tsaya a kan wannan tun 2008, bayan ta sauko daga 300. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta bi sahu a 2010, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai kuma a 2015. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin awon ciki da ta fitar a 2016, cewa ta yi macen da ke shan sama da miligiram 300 a rana ita ce ya kamata ta rage. Sannan a 2020 wani farfesa a Jami'ar Reykjavik ta ƙasar Aisland, Jack James, ya bi binciken da aka yi a baya ya fito ya ce babu wani adadi da za a kira lafiyayye, mai ciki ta bar shi gaba ɗaya. Likitoci da dama suka yi masa ca, suka ce ya wuce gona da iri.

Amsa uku ke nan ga tambaya ɗaya, kuma dukkansu daga binciken masana suka fito. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa 200 ba wata katanga ba ce da za a ce wadda ta tsaya a 199 ta tsira, wadda ta kai 201 ta shiga uku. Lamba ce ta sasanci da aka tsayar a inda hujja ta fara rauni. Ga kuma wata matsalar da ta fi damuna: kusan kullum da kofin gahawa ake fassara lambar, a ce kofi biyu. Mace nawa ce a Kano ko Damagaram take karya kumallo da gahawa? Tamu hanyar daban ce.

Mu fara da abin da babu gardama a kansa, wato yadda jiki ke yi da wannan sinadari. Kafeyin yana toshe aikin wani abu a ƙwaƙwalwa da ake kira adinosin, wanda shi ne ke taruwa a yini yana sa mutum jin gajiya da barci. Shi ya sa ido ke bushewa, zuciya ta ɗan ƙara gudu. Hanta ce ke narkar da shi, ta hanyar wani ma'aikacin sinadari mai suna CYP1A2. Ga baligi mai lafiya, cikin kimanin awa 5 rabin abin da ya sha ya fita daga jininsa. Da ciki ya shiga, sinadaran jikin mace suna rage wa wannan ma'aikaci ƙarfi, kuma yana ƙara sanyi yayin da ciki ke tsufa. A watanni ukun ƙarshe, awa 5 ɗin nan tana iya komawa 15, wani lokaci ma fiye.

A lissafa a gani. Mace ta sha miligiram 100 da ƙarfe 7 na safe. Idan ba ta da ciki, kafin gobe da safe abin da ya rage a jikinta bai kai miligiram 5 ba. Idan tana da cikin wata takwas, ƙarfe 10 na dare rabi yana nan, gobe da safe kuma kusan kashi ɗaya cikin uku yana nan lokacin da za ta ɗora wani. Kamar randa ce da ake ƙara wa ruwa kullum tun na jiya bai ƙare ba. Yawancin masu tsohon ciki da ke kukan rashin barci suna ɗora laifin a kan nauyin ciki da yawan fitsari, kuma da gaskiyarsu, amma shayin la'asar ɗin da ba ya yi musu komai a da, yanzu yana da hannu.

Ɗan tayi kuwa ba shi da kariya. Mabiyiya ba ta tace kafeyin, yana ratsawa kai tsaye, har abin da ke jinin ɗa ya yi kusan daidai da na uwa. Hantarsa ba ta fara wannan aikin ba tukuna. Ko jaririn da aka haifa sai ya yi kwana uku zuwa huɗu kafin rabin kafeyin ya bar jikinsa. Abin da masana ke zargi shi ne yawan sinadarin yana matse hanyoyin jinin da ke kai wa mabiyiya abinci da iska, ɗa ya samu ƙasa da rabonsa.

Daga nan ne gardama ta fara, domin sanin cewa abu yana kai wa ga ɗa daban, sanin ko yana cutar da shi daban.

Tsoron ya samo asali ne daga ɓeraye. A 1980 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki, bayan masu bincikenta sun ɗura wa ɓeraye masu ciki kafeyin mai yawan gaske ta bututu, aka haifi wasu 'ya'yan babu wasu yatsu. Adadin ya yi nesa da abin da mutum ke sha, kuma a zuwa ɗaya aka ɗura shi. Binciken da aka yi ta yi kan mutane daga baya bai nuna cewa shan da aka saba yana jawo nakasa ba. Wannan babin kusan an rufe shi. Wanda ya ƙi rufuwa shi ne na ɓari da na nauyin jariri.

A 2008 bincike biyu suka fito daga Amurka suka ba juna baya. Na farko, wanda aka yi kan mata 1,063 a yankin San Faransisko, ya ce masu shan miligiram 200 ko fiye a rana haɗarin ɓarinsu ya ninka na marasa sha. Na biyu, kan ciki sama da 2,000, bai ga wata alaƙa ba. Ba wai wani ya yi ƙarya ba ne. Akwai wani abu da ke ɓata lissafin duk mai binciken wannan fanni, kuma duk macen da ta taɓa haihuwa ta san shi: laulayi.

An daɗe da lura cewa matan da ke fama da tashin zuciya da amai a farkon ciki sun fi waɗanda ba sa yi tsira daga ɓari. Laulayi, duk da wahalarsa, sau da yawa alama ce ta cikin da ya kama da kyau, sinadaransa suna hawa yadda ya kamata. To mai laulayi kuwa ƙamshin gahawa na daga cikin abubuwan da take fara tsana. Ba likita ne ya hana ta ba, zuciyarta ce ta ƙi. Ita kuma wadda cikinta ya zo da rauni tun asali, laulayinta kaɗan ne ko babu, sai ta ci gaba da shan abinta kamar kullum. Bayan makonni cikin ya zube. Mai bincike ya zo da takardarsa ya tarar cewa waɗanda suka yi ɓari sun fi shan gahawa. Shin gahawar ce ta zubar da cikin, ko cikin da dama ba zai zauna ba ne ya bar ta tana sha? Alƙaluman iri ɗaya za su fito ko wanne ne gaskiya. Tun 1991 wasu masana biyu, Zena Stein da Mervyn Susser, suka ja hankali kan wannan, kuma har yau ba a sami hanyar kauce masa gaba ɗaya ba. Ƙari a kan haka, a wasu binciken sai bayan mace ta yi ɓari ake tambayarta me ta sha, ita kuwa mai neman dalilin rashinta tana tuna kowane kofi fiye da wadda cikinta ke lafiya. A Turai da Amurka kuma masu yawan shan gahawa su ne suka fi shan taba, taba kuwa an tabbatar tana rage nauyin jariri, sannan tana sa hanta ta narkar da kafeyin da sauri har mutum ya ƙara sha. Raba laifin wannan da na wancan aiki ne ja.

Hanyar da ke yanke irin wannan gardama ita ce a raba mata gida biyu ta ƙuri'a, a ba wasu a hana wasu. An yi hakan a Denmak, aka buga sakamakon a 2007. Mata 1,207 masu shan aƙalla kofi uku a rana, aka ba rabinsu garin gahawa mai kafeyin, rabi wanda aka cire masa, ba tare da sun san wanne suka samu ba. Bambancin nauyin jariransu giram 16 ne kacal, abin da sa'a kawai za ta iya kawowa, kuma tsawon cikin bai bambanta ba. Sai dai gwajin ya shafi rabin ciki na biyu ne, don haka bai ce komai ba game da ɓarin farkon ciki, wanda shi ne abin da mata suka fi tsoro.

Batun nauyi ya fi na ɓari tsayuwa da ƙafarsa. Binciken da ya sa Birtaniya ta sauko zuwa 200 an yi shi ne a biranen Leeds da Leicester kan mata 2,635, ya kuma nuna cewa jariran masu shan sama da 200 sun gaza da kimanin giram 60 zuwa 70. Wani a Nowe, kan mata kusan 59,000, ya samu ragin giram 20 da wani abu a kan kowane miligiram 100 na kullum. A 2021 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta auna kafeyin a jinin mata kai tsaye, ta ga ɗan ragi ko a wurin masu sha kaɗan. A ɗaya ɓangaren, masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya sun bi ta ƙwayoyin gado a 2022, wato suka kwatanta matan da halittarsu ke sa su son gahawa da waɗanda ba haka ba, dabarar da laulayi ba ya iya ɓata ta, kuma ba su ga alamar gahawa na jawo ɓari ko haihuwar bakwaini ko haihuwar ɗa babu rai ba.

Idan aka tara duka, ga yadda nake ganin lamarin. Daga 300 zuwa sama, bincike da yawa suna nuni waje ɗaya, kuma yadda jiki ke aiki yana goyon bayansu, saboda haka ragewa wajibi ne. Ƙasa da 200, in ma akwai illa, ƙarama ce. Giram 60 ba komai ba ne ga jaririn da zai zo da kilo 3 da rabi. Amma ga wanda dama zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jinin uwa sun riga sun ci masa rabo, yana lilo a bakin kilo 2 da rabi, kowane giram yana da daraja. Kuma kafeyin ba abinci ba ne, babu abin da uwa ko ɗa zai rasa in an bar shi. Wadda ta iya bari ta huta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsorata mace a kan kofin shayi guda, ko a sa wadda ta yi ɓari ta zauna tana tuhumar kanta. Cikin kowane ciki 10 da aka san da shi, 1 zuwa 2 yana zubewa, kuma kusan rabin ɓarin farkon ciki daga tangarɗar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne tun ranar da aka yi cikin, abin da babu ci ko sha da ya jawo shi.

Wani abin mamaki a gefe: wannan sinadarin dai shi ne maganin da likitoci ke ba bakwaini masu ɗauke numfashi, kuma babban gwajin da aka buga a 2006 kan jarirai kusan 2,000 ya nuna yana rage musu ciwon huhu. Wannan ba lasisi ba ne ga mai ciki. Can likita ne ke auna shi daidai nauyin jariri don wata lalura takamaimai.

To yanzu mu dawo gida. Abin da na fi riƙewa daga binciken Leeds da Leicester ba giram 60 ɗin ba ne. Da aka bi diddigin inda matan ke samun kafeyin, sama da kashi 60 cikin 100 daga shayi ya fito, gahawa kashi 14 kawai. Idan haka ta faru a Ingila, ina ga mu?

Goro ne kan gaba. Busasshen goro kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kafeyin ne, wato bai gaza ƙwayar gahawa ba, ya ma fi wasu irinta. Ɗanyen da muke ci kusan rabinsa ruwa ne, duk da haka babban goro guda, in aka cinye shi tas, yana iya ba da abin da ya kai kofin Nescafé ɗaya zuwa biyu. Kuma lokacin da mace ta fi neman sa shi ne farkon ciki. Yawu ya cika baki, tana yawo da gwangwanin tofi, zuciya na tashi, sai uwar miji ta kwance bakin zane ta ɓantaro mata: "Ungo 'yar nan, sa wannan a bakinki, zai tsayar miki da yawun." Ɗacin yana taimakawa kuwa, shi ya sa al'adar ta zauna. Ɓalli ɗaya da safe ba abin tada hankali ba ne. Amma akwai wadda daga nan sai goro ya zame mata kwaɗayin ciki, ƙullinsa na gefen filo, tana ɓantara daga hantsi har dare, ta tashi da biyu ko uku. Wannan ta haye 300 ba ta taɓa ganin kofin gahawa ba. Kuma babu takarda a jikin goro, daushe ne ko ɗan Shagamu, da za ta gaya mata abin da ke ciki. Namijin goro kuwa wata bishiya ce daban, ba ya cikin wannan lissafi.

Sai shayi. A gidaje da yawa abin da ake kira shayi ruwan zafi ne da madara da Milo ko Bournvita, wannan kafeyin ɗinsa kaɗan ne. Na ganye shi ne abin lissafi. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ƙiyasta babban kofi a kan miligiram 75, kofin garin gahawa 100. Ƙarfin ya danganta da yawan ganye da daɗewarsa a ruwa, mu kuwa ba tsomawa muke yi mu cire ba, tafasawa muke yi har ya yi jawur. Ka tsaya teburin mai shayi ka ga haɗin kauri: Lipton biyu a kofi ɗaya, a barbaɗa Nescafé, a kwarara madara, a ɗaga sama ana shekawa daga wannan kofi zuwa wancan. Madara da sukari suna ɓoye ɗaci ne kawai, ba sa rage kafeyin ko ɗigo. Shayin Buzaye na Agadas da Tawa da Maraɗi, wanda yanzu ya cika majalisun Kano da Katsina, ya fi yaudara, domin kofin ɗan mitsitsi ne. Amma a dubi yawan ganyen da ake zubawa a 'yar butar nan da yadda take daɗewa a kan gawayi. Zagayen farko shi ne mai ƙarfin. 'Yan'uwanmu na Sudan kuma ga jabana, gahawa ce tsagwaronta. Shayin citta da kanumfari da na'a-na'a, in ba a sa ganyen shayi ba, babu kafeyin a cikinsa.

Lemon kwalba baƙi irin su Coca-Cola da Pepsi yana da kimanin miligiram 10 a kowane mililita 100, wato robar 50cl ta kusa 50. Lemukan ƙara kuzari sun ninka haka sau uku: ƙaramin gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana da 80, robobin da suka cika shagunanmu kuma sun fi shi girma. A Tarayyar Turai doka ce a rubuta a jikinsu cewa ba a so mai ciki da mai shayarwa su sha.

Wanda aka fi mantawa shi ne na kemis. Kowace ƙwayar Panadol Extra tana ɗauke da miligiram 65, biyu ke nan 130. Garin Alabukun kafeyin ne haɗe da asfirin mai yawa, asfirin irin wannan kuwa mai ciki ba ta shan sa sai da umarnin likita. Cafergot, da ake sha don ciwon ɓarin kai, yana da kafeyin, amma babban haɗarinsa ɗaya sinadarin ne, wanda ke matse mahaifa da jijiyoyin jini, shi ya sa aka haramta shi ga mai ciki kwata-kwata.

A haɗa yini guda: shayin safe 75, ɓarin goro a ce 50, lemo da abincin rana 50, Panadol Extra biyu da yamma 130. An wuce 300. Idan a wurin awo aka tambayi wannan matar ko tana shan gahawa, za ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa. Tambayar ce ba ta dace da wurin ba. Malaman asibitin da ke yi wa mata bayani ranar awo, da za su riƙa kiran goro da shayi da lemo da ƙwayar ciwon kai da sunayensu, da an fi amfana.

Akwai kuma illar shayi da ba ta da alaƙa da kafeyin, wadda a ganina ta fi kusa da mu. Sinadarin da ke ba shayi ɗaurin baki yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci ya hana hanji tsotse shi. Shayi a kan abinci yana iya rage abin da jiki zai samu da fiye da rabi, musamman daga wake da ganye da hatsi, waɗanda su ne abincin yawancinmu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu suna da ƙarancin jini. Mace mai ƙarancin jini ita ce zubar jini wajen haihuwa ke saurin kayarwa. Duk da haka za ka ga an karɓo ƙwayar ƙarin jini daga asibiti ana kora ta da shayin safe. Gyaran ba shi da tsada: a sha ƙwayar da ruwa, a bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin shayi da abinci ko magani.

Wadda ta saba da yawa kuma tana son ragewa, kada ta yanke rana ɗaya. Jikin da ya saba yana ramawa da ciwon kai da kasala da saurin fushi, suna farawa cikin awa 12 zuwa 24, suna iya kai mako guda. Gara a bi a hankali: ganye ɗaya maimakon biyu, a cire shi da wuri, goro a raba shi huɗu, na yamma a fara bari tunda shi ke cin barci. Tarkon da ake faɗawa shi ne ciwon kan ya taso, a aika yaro kemis ya sayo mai "Extra", ciwon ya tafi nan take domin an mayar wa jiki abin da yake nema. Farasitamol zalla shi ne wanda aka saba ba masu ciki. Sai dai daga wata na biyar zuwa sama, ciwon kai mai tsanani da ya zo da kumburin fuska ko hannu, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, kada a ɗora shi a kan rashin goro ko shayi. Alamun hawan jinin ciki ne da ke kai wa ga jijjiga, kuma a ranar ake zuwa asibiti a auna jini da fitsari.